Alu Mai Sango: Rayuwar Sarkin Kano na Bakwai a Daular Fulani da Makomar Sunayen Mayaƙansa

Gabatarwa

Tsohon matsugunin Jami'ar Bayero ba shi da nisa da Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga. Malamai da ɗalibai suna wucewa ta gaban abin da ya rage na badala a wannan nahiya safe da yamma, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke tuna cewa a nan aka yi yaƙin da ya kawo ƙarshen 'yancin birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Mai wucewa ba zai ga jerin sunayen waɗanda suka kwanta dama a wannan rana ba. Sarkin da suka yi yaƙin da sunansa kuwa, Aliyu ɗan Abdullahi, wanda Kanawa suka fi sani da Alu, ba ya cikin birnin a lokacin, kuma bai sake shiga cikinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa bayan shekara 23. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa, tare da duba yadda ɓangarorin biyu da suka gwabza suka adana sunayen matattunsu, domin labarin Alu ba ya fita sosai sai an jera shi da na mutanen da suka mutu a madadinsa.

Asalinsa da gidan da ya tashi

Alu jikan sarakuna ne ta ɓangaren uwa da uba. Mahaifinsa shi ne Sarkin Kano Abdullahi ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, ya rasu a Karofi cikin ƙasar Katsina, shi ya sa ake ce masa Maje Karofi. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma sunan wannan kaka nasa aka raɗa masa. Ya yi karatun addini mai zurfi, yana bin ɗariƙar Ƙadiriyya, har ana danganta masa rubuce-rubuce da Larabci a kan sufanci. Wannan jini na Sakkwato shi ne ya ɗaga shi sama da yayyensa ranar da aka zo neman shugaba.

Abdullahi ya bar 'ya'ya masu yawan gaske, kuma ya riga ya ɗora da dama daga cikinsu a kan manyan sarautu. Da ƙaninsa Muhammadu Bello ya gaje shi, sai ya shiga tuɓe su ɗaya bayan ɗaya yana share wa ɗansa Tukur hanya. Shekara 11 na mulkin Bello ta tara wa Kano rundunar 'ya'yan sarki marasa sarauta, da barorinsu da bayinsu da surukansu, duk suna jiran ranar da za a yi lissafi. Tukur ya nuna jaruntaka a yaƙin da Sakkwato ta kai Argungu, abin da ya sa ya shiga ran Sarkin Musulmi Abdurrahman. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Abdurrahman ya umarci Waziri Buhari, wanda yake Kano a lokacin, da ya naɗa Tukur, duk da cewa yawancin mutanen gari sun karkata ga Yusufu ɗan Abdullahi, tsohon Galadima.

Basasa

Yusufu da 'yan'uwansa suka fita daga birni suka yi sansani a Takai, kudu maso gabas da Kano. Daga nan ne Kano ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa. Ya kamata a tsaya a duba irin rundunar da ta taru a Takai, domin ita ce daga baya ta zama ƙashin bayan mulkin Alu. Ba albashi ne ya tara ta ba. Akwai 'ya'yan sarki da aka ƙwace wa rawani, akwai manyan bayin fada irin su Shamaki Harisu waɗanda suka san makamar bindiga da sirrin gidan sarauta, akwai dagatai da suke da ƙullin Bello a zuciya, sannan ga talakawa 'yan sa-kai da suka ɗauki kwari da baka suka bi. Haka dai yaƙi yake a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa: ban da 'yan lifidi da 'yan bindigar fada, sauran mayaƙa gayya ce, kowane hakimi ya zo da mutanensa, wasu don biyayya, wasu don ganima, wasu don neman lada.

Harin farko da Yusufawa suka kai wa birni bai yi nasara ba, kuma an karkashe waɗanda aka kama. Suka koma suka ci garuruwan gabas da kudu, irin su Gaya da Dutse. Ana cikin haka Yusufu ya rasu a Garko a 1894. A nan ne aka zaɓi Alu, alhali akwai waɗanda suka girme shi, ciki har da wansa Ahmadu. Dalilin a fili yake: masu tawaye ga umarnin Sarkin Musulmi suna bukatar shugaban da Sakkwato za ta ji nauyin ƙi, kuma babu wanda ya kai jikan Aliyu Babba dacewa da wannan. Ahmadu ya yi mubaya'a ga ƙaninsa, Alu kuma ya ba shi sarautar Waziri.

Cikin damunar 1894 Yusufawa suka shiga Kano da ƙarfin tsiya. Tukur ya fice zuwa iyakar Katsina ya zauna a Kamri, har aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a watan Maris na 1895, ya rasu sanadin raunin da ya samu. Sakkwato ta jima tana ɗari-ɗari kafin ta amince da abin da takobi ya riga ya yanke. Adamu Muhammad Fika, a littafinsa na 1978 kan basasar Kano da mulkin Turawa, da M. G. Smith a nasa na 1997 kan tsarin mulkin Kano, sun bi diddigin abin da wannan rikici ya jawo: an ƙwace gidaje da gonakin Tukurawa, an bautar da 'ya'ya masu 'yanci, wasu zuriyoyi kuma sun watse zuwa Katsina da Damagaram. Mutanen da suka mutu a basasa, na kowane ɓangare, su ne rukuni na farko na matattun zamanin Alu da aka bari ba tare da ambato ba, kuma dalilin wannan shiru ba boyayye ba ne, tunda 'yan gida ɗaya ne suka kashe juna.

Shekara tara a kan doki

Mulkin Alu na yaƙi ne daga farkonsa har ƙarshensa. Laƙabinsa ma daga fagen fama ya fito. Sango wani mashi ne mai kaifi da ake cusawa a bakin bindiga a harba, irin wanda maharban giwa suke amfani da shi, kuma saboda yadda rundunarsa ta shahara da wannan makami aka riƙa ce masa Mai Sango. Ya ƙara yawan 'yan bindiga a cikin bayin fada, ya gyara ganuwar garuruwan iyaka, ya kai hare-hare kudu.

Babban abokin gabarsa shi ne Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga, wanda yake da igwa da bindigogi da ake samowa ta hanyar Tarabulus. A ƙarshen shekarun 1890 Damagarawa suka ci Gezawa, suka yi wa Kanawa mummunar ɓarna a Tattarawa, har suka matso kusa da birni kafin su juya. Kano ba ta kai ga rama wannan ba, domin wani ƙarfin ya riga ta. A 1898 an kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Damagaram. A shekarar da ta biyo Faransawa suka ci garin, Ahmadu ya rasa ransa, suka kuma gina sansanin soja suka sa masa sunan Cazemajou. A watan Afrilu na 1900 aka kashe Rabe a Kusuri, a yaƙin da kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu, sai suka raɗa wa sabon garin da suka kafa a gaɓar kogin Shari suna Fort-Lamy, sunan da babban birnin Chadi ya ɗauka har 1973. Wato tun kafin su iso Kano, Turawa sun nuna al'adarsu game da hafsan da ya faɗi a fagen fama: a ɗora sunansa a kan gini ko gari, a shigar da shi taswira.

A cikin wannan shekara ta 1900 ne wata tawagar 'yan mishan ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da Dokta Walter Miller, ta iso Kano ba tare da an gayyace ta ba. Alu ya gana da su a fada, ya ƙi ba su izinin zama, ya ba su 'yan kwanaki su bar gari. Labarin wannan kora ya bazu a jaridun Ingila, ya taimaka wajen zana shi a matsayin azzalumin sarki mai ƙin baƙi, hoton da Lugga ya ci moriyarsa daga baya.

Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauci a 1902, aka kuma girke soja a Zariya. Ranar 3 ga Oktoba, 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, ya tsere zuwa Kano. Alu ya karɓe shi hannu biyu-biyu, ya girmama shi a bainar jama'a. A mahangar Kano, Musulmi ne ya nemi mafaka wurin sarkin Musulmi, kuma ba a miƙa irin wannan baƙo. A wurin Lugga kuwa, hujjar da yake nema ce ta faɗo masa, domin gwamnatin Landan ba ta ɗokin sabon yaƙi, sai an nuna mata jinin Bature. Har yau akwai tudu a Keffi da ake kira da sunan Moloney.

Tafiya Sakkwato da faɗuwar birni

Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. A farkon Janairu na 1903 Alu ya tashi zuwa Sakkwato da Waziri Ahmadu da Wambai Abbas da mafi yawan hakimai da dawakin Kano, ya bar tsaron birni a hannun manyan bayinsa biyu, Sarkin Shanu da Sallama. Wannan tafiya ita ce ta fi kowane mataki nasa jawo muhawara. Rahotannin Turawa sun nuna ta a matsayin gudu. Masu kare shi suna cewa mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi wajibi ce, balle ga sarkin da ya hau gado ta hanyar saɓa wa wanda ya gabata, kuma akwai bukatar a haɗa shawara kan yadda za a tunkari Nasara: yaƙi, ko sulhu, ko hijira. A ganin mai wannan rubutu hujja ta biyu ta fi ƙarfi, domin mai gudu ba ya barin iyalinsa da taskarsa a baya. Sai dai hakan bai wanke shi daga kuskuren lissafi ba. Ya san soja suna taruwa a Zariya, tafiyar 'yan kwanaki daga ƙofarsa, ya kuma kwashe dawakin da birni yake taƙama da su.

Kanar Morland ya taso daga Zariya ranar 29 ga Janairu da hafsoshi Turawa 24, da sojoji baƙar fata 722, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. A Bebeji aka rufe musu ƙofa, suka fasa ta da igwa, sarkin garin ya mutu tare da wasu mutanensa. Ranar 3 ga Fabrairu suka tsaya a gaban badalar Kano. Lugga da kansa ya rubuta daga baya cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba: kewayenta mil 11, ƙofofi 13, kaurinta a gindi ya kai ƙafa 40, ga ganuwa a bayanta. Alu ya sa an gyara ta, an kuma sake fasalin wasu ƙofofi yadda igwa ba za ta same su kai tsaye ba. Dabarar ta yi aiki a Ƙofar Dukawuya, inda harsashin igwa ya kasa yin komai. Sai Morland ya zagaya zuwa Ƙofar Kabuga, aka huda ta, sojoji suka kutsa. Masu tsaron badala suka watse, dawakin Turawa suka bi waɗanda suka fita ta wasu ƙofofin suna kashewa. Rahoton Turawa ya ƙiyasta matattun Kano da kimanin 300, su kuwa ba su rasa ko mutum ɗaya ba.

Sarkin Shanu bai gudu ba. Ya koma Gidan Rumfa da 'yan mutanen da suka rage masa, ya tari sojojin da suka shigo fada, aka kashe shi a nan. Bawa ne, kuma shi ne mafi girman muƙami da ya mutu yana kare birnin Dabo a ranar da aka ci shi.

Akwai wani abu da ba a cika son faɗa ba. Sojojin nan 722 yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa da sauran mutanen wannan yanki. Rundunar da suke ciki, wadda aka kafa a 1897, ta gaji 'yan sandan Hausa da Glover ya tara a Legas a 1863, akasarinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Da ƙafarsu suka je aka ɗauke su, don albashi da kaki da kuma kariya daga komawa bauta, kuma Hausa ce harshen bariki. Saboda haka 'yan sa-kai ne a kan badala, 'yan sa-kai ne kuma a ƙarƙashinta, suna zagin juna da harshe ɗaya.

Daren Birnin Goga da ranar Kwatarkwashi

Alu yana kan hanyar dawowa, a ƙasar Zamfara, labari ya iske shi cewa birni ya faɗi. A Birnin Goga, cikin dare, ya bar rundunarsa ya yi arewa da mutane ƙalilan. Gari ya waye, dubban mutane suka tashi babu sarki. Masu kyautata masa zato suna cewa niyyarsa ita ce ya bi ta Gobir ya yi gabas zuwa Makka, kuma hijira daga ƙasar da kafirai suka rinjaya matsayi ne da malaman daular suka yi rubutu a kansa tun zamanin Shehu, shi ne ma abin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi bayan 'yan makonni. Amma Attahiru da rana ya fita, bayan ya tsaya an yi yaƙi, kuma ya kira jama'a su bi shi. Alu bai yi shawara da rundunar da ta ɗora shi a kan gado ba, bai kuma sallame ta ba. Wannan bambanci shi ne abin da Kanawa suka kasa mantawa.

Rundunar ta rabu. Wambai Abbas ya ga cewa yaƙi ya ƙare, ya ja waɗanda suka yarda da shi, da mata da yara, suka nufi Kano don neman sulhu. Waziri Ahmadu ya ƙi. Shi da aka tsallake a Garko saboda ƙaninsa, shi ne yanzu ya ɗauki tutar da ƙanin ya ajiye. Babu sarkin da zai tilasta wa kowa bin sa, kuma ga hanyar gida a buɗe tare da Wambai, don haka duk wanda ya bi Waziri a wannan rana da zaɓinsa ya bi. Idan akwai rundunar da ta cancanci a kira ta ta 'yan sa-kai a tarihin Kano, to ita ce wannan.

A ƙarshen watan Fabrairu suka yi karo da wani ɓangare na sojan Turawa kusa da dutsen Kwatarkwashi. Laftana Wallace Wright yana da Bature ɗaya da sojoji 44. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu, suka kakkafa sassaken ƙaya a gabansu. Takardar da aka ba Wright lambar yabo da ita ta ce mahaya 1,000 da dakaru 2,000 ne suka yi ta kawo hari har tsawon awa biyu. Ya kamata manazarci ya karanta waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan, tunda daga bakin masu neman lambar suka fito. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, mahayan Kano sun yi ta sukuwa cikin ruwan harsashi suna komowa, kuma Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin tare da wasu manyan masu sarauta.

Wright ya sami Victoria Cross, lambar jaruntaka mafi daraja a Ingila. Ya kai muƙamin Birgediya, ya zama ɗan majalisar dokoki, ya rasu a 1953, kuma duk littafin da ya jera masu wannan lamba yana ɗauke da sunansa da ranar haihuwarsa da ta mutuwarsa. Ahmadu kuwa ya sami kalma biyu: Mai Shahada.

Bai kamata a raina waɗannan kalmomi ba, domin su ne irin dutsen tunawa da Kano ta sani. A shari'a, wanda ya yi shahada a fagen fama ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake binne shi a inda ya faɗi, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu, kuma malaman jihadi sun yi hani ga tayar da gini a kan kabari. Al'ummar da ta tashi a kan wannan koyarwa ba za ta sassaƙa gunki ko ta kafa ginshiƙi don mamaci ba. Abin da take yi shi ne ta liƙa wa sunan mutum wurin mutuwarsa ko yanayinta, yadda duk mai ambatonsa sai ya maimaita tarihin: Usman Maje Ringim, Abdullahi Maje Karofi, Abbas Maje Nasarawa. Laƙabi ba ya bukatar filin gwamnati ko kuɗin gyara, kuma yana tafiya duk inda zuriya ta je. Rauninsa ɗaya ne, wato sai mai sarauta yake samunsa. Manomin da ya bar gonarsa ya hau badala da baka, da baran da ya riƙe linzamin dokin Waziri, ba su da maroƙin da zai ɗauki sunansu.

Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Wasu daga cikin manyan Kano da suka tsira suka bi Attahiru zuwa gabas, har Burmi, inda aka yi yaƙin ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903. A nan Sarkin Musulmi ya yi shahada, Magajin Keffi ma a nan ya kwanta, haka kuma kwamandan Turawa Manjo Marsh. Abbas ya shiga Kano ta Ƙofar Kansakali a farkon Maris, Lugga ya tabbatar masa da sarauta a watan Afrilu. Gidansa ne yake riƙe da gadon Dabo tun daga 1926 ba yankewa, kuma wannan ma yana da nasa tasiri a kan abin da ake tunawa: fadar da ta samo asali daga sulhun Wambai ba ta da dalilin da za ta mayar da ranar Kwatarkwashi ranar buki, Turawan da suke saman fadar kuwa balle su.

Lakwaja

Alu bai yi nisa ba. An kama shi a ƙasar Gobir, rahotannin Turawa suka ce cikin shigar fatake, aka miƙa shi ga sojan Ingila. Aka kai shi Yola, daga baya aka mayar da shi Lakwaja, garin da Turawa suka mayar matattarar sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Zazzau Kwasau a can ya ƙare, haka Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mawallafin waƙoƙin nan da manazarta adabin Hausa suka sani, wanda ya rasu a 1924. Mutumin da ya yi shekara tara yana sarauta ya yi fiye da ninki biyu na wannan a tsare, a bakin kogi, cikin zafi da damshin da bai saba da su ba, yana karatu da ibada. Yana can Abbas ya rasu a 1919, aka naɗa wani ɗan'uwan nasu, Usman. Yana can aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa har Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin da birnin yake taƙama da shi.

Yana can kuma aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kwashi rundunar da ta fasa Ƙofar Kabuga, wadda ta koma Rejimantin Nijeriya a 1914, aka kai ta Kamaru da Gabashin Afirka. Bayan yaƙin an kafa duwatsun tunawa da matattunta a Zariya da Lakwaja da Ibadan da Kalaba. Magatakardan soja ba su san sunan uba ba, sunan mutum da na garinsu suke rubutawa, shi ya sa kalmar Kano take fitowa a matsayin sunan mahaifi a rajistar matattun rundunar. Ko wannan ma bai game kowa ba: rahoton da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar a 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da suka mutu a wancan yaƙi, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Nijeriya ta gaji wannan al'ada ta bariki, tana bikin tunawa da mazan jiya kowace ranar 15 ga Janairu, da fure da busa da sakin tantabaru. Jerin waɗanda ake tunawa ya faro ne daga sojan da suka yi wa Ingila yaƙi, bai haɗa da waɗanda suka yaƙe ta ba.

A cikin birni, abin da ya fi kusa da wurin tunawa da 1903 shi ne Gidan Makama, inda aka adana tsofaffin ƙyamaren ƙofofi da makamai da hotunan wancan zamani, sai kuma littattafai irin su Kano ta Dabo Cigari na Abubakar Dokaji, da abin da tsofaffin unguwanni suka riƙe a ka. A cikin waɗannan labarai na baka Kanawa sun yi wa Alu wani irin adalci nasu. Ba su ɗora shi a sahun wansa ba, ba su kuma liƙa masa sunan gudu ba. Laƙabin da ya bi shi shi ne wanda ya samu tun yana kan doki, kafin daren Birnin Goga.

Ya rasu a Lakwaja a 1926, shekarar da aka naɗa Abdullahi Bayero ɗan Abbas Sarkin Kano. Kabarinsa yana can tare da na sauran sarakunan da aka tsare, a gari ɗaya da dutsen da aka kafa wa sojan Rejimantin Nijeriya.